Rawlings a idon Zango da idon maƙwabtanta: amsa ga wani ɗalibi daga Aboabo

Wani ɗalibi daga unguwar Aboabo a nan Kumasi ya aiko da tambaya. Ya ce a gidansu dattawa ba sa ambaton Jerry John Rawlings, tsohon shugaban Gana, sai da yabo, amma abokan karatunsa Tonawa, wato 'yan ƙabilar Ashanti, suna kiransa azzalumi mai jini a hannu, saboda haka yana so a faɗa masa wanda ke da gaskiya, kuma a bayyana masa dalilin da ya sa mutum ɗaya ya raba ra'ayin unguwanni biyu da ke cin kasuwa ɗaya.

Ɗana, dattawanka ba su yi ƙarya ba, abokanka ma ba su yi ba, domin kowane ɓangare yana magana ne a kan abin da ya same shi. Sai dai ba zan fake da wannan in ƙi faɗa maka ra'ayina ba. Abin da na fahimta bayan dogon nazari a kan wancan zamani shi ne, Rawlings ya gina sunansa kacokan a kan cewa dole kowane mai mulki ya ba da bahasin abin da ya aikata, ya kashe mutane a kan wannan ƙa'ida, sannan da lokacinsa ya zo ya rubuta wa kansa dokar da ta hana a tambaye shi. Alherin da ya yi wa Zango da arewacin Gana gaskiya ne, amma bai goge wancan ba.

An haife shi a Ankara, wato Accra, babban birnin Gana, ranar 22 ga Yunin 1947. Mahaifinsa Bature ne ɗan Sikotilan wanda bai rene shi ba, mahaifiyarsa kuwa, Victoria Agbotui, 'yar ƙabilar Ewe ce daga wajen Keta. Ya yi makarantar Achimota, ya shiga rundunar sojan sama a 1967, ya fito a matsayin hafsa matuƙin jirgi a 1969, kuma har zuwa 1979 bai wuce muƙamin filait laftana ba. Wannan ƙaramin muƙami yana da muhimmanci, domin ya sa yana kusa da kuratan soja, yana jin ƙorafinsu a kan albashin da bai isa cefanen mako ba, alhali manyan hafsoshi suna raba wa 'yan lelensu lasisin shigo da kaya.

Ba za ka gane farin jinin da ya yi ba sai ka san Ganar da shugaban mulkin soja Janar Acheampong ya bari. A 1977 hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin ɗari. Gwamnati ta ƙayyade farashin sukari da madarar gwangwani da sabulu da atamfa, amma ba a samun su a kan wannan farashi sai idan kana da takarda daga wani babba, kuma wanda ya sami takardar sai ya kai kayan bayan fage ya sayar ninki-ba-ninki. Wannan ita ce kalabule da za ka ji tsofaffi suna ambata. Manoman koko suna tsallakawa da amfaninsu Kodebuwa da Togo saboda kuɗin da hukuma ke biya bai taka kara ya karya ba. Janar Akuffo ya ture Acheampong a Yulin 1978, amma mutane sun ga cewa hula kawai aka sauya.

Ranar 15 ga Mayun 1979 Rawlings ya yi yunƙurin tawaye da 'yan tsirarun sojoji, bai yi nasara ba, aka gurfanar da shi gaban kotun soja a bainar jama'a. Wannan shi ne kuskuren gwamnatin Akuffo, domin a cikin kotun ya ɗauki laifin a kansa, ya nemi a saki yaransa, kuma aka karanta dalilansa na cewa manya sun wawure ƙasa, jaridu suka buga. Ranar 4 ga Yuni ƙananan hafsoshi da kurata suka fasa inda ake tsare da shi, suka kai shi gidan rediyo, aka kafa majalisar juyin juya hali ta sojoji, AFRC, shi ne shugabanta, Kyaftin Boakye-Djan na biye da shi. Kwana 112 kacal ta yi tana mulki, amma a cikinsu ne aka shuka mafi yawan gabar da kake ji a bakin abokanka.

Ranar 16 ga Yuni aka bindige Acheampong da Janar Utuka a filin harbi na Teshie. Ranar 26 ga watan aka ƙara da mutum shida: Akuffo, Afrifa, Kotei, Amedume, Boakye da Felli. Tsofaffin shugabannin ƙasa uku ke nan a cikin kwana goma, ba tare da shari'ar da wani mai hankali zai kira shari'a ba, babu lauya, babu ɗaukaka ƙara. Ka lura da Afrifa musamman: ya bar mulki tun 1970, ba ya cikin gwamnatin da ake zargi da kalabule, kuma kwana takwas kafin a kashe shi mutanen Mampong sun zaɓe shi ɗan majalisa. Shi da Acheampong duka Tonawa ne. Ɗalibai a lokacin suna zanga-zangar a ƙara zubar da jini, kuma Rawlings ya sha cewa daga baya da bai sadaukar da waɗannan takwas ba, da kurata sun gama da duk manyan hafsoshi. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin cewa barikoki sun ɓalle daga hannun kowa, amma wannan bayani ne na dalili, ba wankewa ba ne. Gwamnatin Obasanjo a Najeriya ta tsuke wa Gana bakin man fetur saboda kisan, kuma matsin lamba daga waje na cikin abin da ya sa aka tsaya a kan takwas.

Abin da ya faru a kasuwa ya fi shafar talaka kai tsaye. Soja zai tsaya gaban rumfar mace da bindiga, ya tambayi kuɗin gwangwanin madara, idan ta faɗi abin da ya haura farashin gwamnati, ko aka leƙa ƙarƙashin tebur aka ga katan ɗin da ba ta baje ba, sai a tara jama'a a sayar da kayan a kan farashin hukuma, ita kuma a kwantar da ita a kan benci a yi mata bulala, wani lokaci a tuɓe ta a gaban 'ya'yanta. Jarin shekara ashirin yakan tafi kafin azahar. A watan Agusta aka rushe kasuwar Makola ta Ankara da nakiya. Su waɗannan mata ba su suka buga kuɗi babu lissafi ba, ba su suka ƙayyade farashin da ya kori kaya daga kanti ba. An bar jaki ana dukan taiki, kuma a cikin waɗanda aka daka har da 'yan kasuwar Zango, ko da yake ba kasafai ake tuna wannan a majalisunmu ba.

Duk da haka Rawlings ya yi abin da ba a zata ba: ya bari aka yi zaɓe, ya miƙa mulki ga Dokta Hilla Limann, mutumin Gwollu, ranar 24 ga Satumban 1979. Limann ya yi masa ritaya daga soja bayan wata biyu. Ranar 31 ga Disamban 1981 ya dawo ya hamɓarar da shi, ya kafa majalisar mulkin soja ta PNDC. A nan ina so 'yan arewa da 'yan Zango su riƙa tunawa cewa shugaban farko da ya fito daga arewacin ƙasar nan, wanda aka zaɓa ta akwati, Rawlings ne ya kore shi bayan wata 27, alhali lalacewar da ake tuhumarsa da kasa gyarawa ta ɗauki fiye da shekara goma tana taruwa.

Shekarar 1982 ita ce ta juyin juya hali tsantsa. An kafa kwamitocin kare juyi a unguwanni da ma'aikatu, an kafa kotunan jama'a waɗanda ba alƙalai ke zama a cikinsu ba, an sa dokar hana fitar dare, an janye takardar sidi 50 daga hannun mutane, an binciki asusun banki masu nauyi, abin da ya sa 'yan kasuwa suka daɗe ba su sake amincewa da banki ba. A wannan lokacin ne kuma aka ga shugaban ƙasa cikin kayan aiki yana ɗaukar buhun koko tare da ɗalibai, yana gyaran layin dogo, yana shiga kwata da shebur. Kada ka rena tasirin wannan. Talakan da bai taɓa ganin mai mulki ba sai ta gilashin mota ya ga wanda ya tsaya kusa da shi cikin ƙazanta, kuma wannan hoto bai fita daga zukata ba har yau.

A daren 30 ga Yunin 1982, cikin dokar hana fita, aka ɗauke alƙalan babbar kotu uku daga gidajensu, wato Cecilia Koranteng-Addow, wadda ke goyon jariri, da Fred Poku Sarkodie, da Kwadwo Agyei Agyepong, tare da Manjo Sam Acquah mai ritaya. An harbe su a filin atisayen soja na Bundase, aka cinna wa gawarwakin wuta, ruwan sama ya hana su ƙonewa ƙurmus. Alƙalan uku duk sun taɓa yanke hukunci a kan ƙararrakin da suka shafi hukunce-hukuncen AFRC. Hukumar bincike ƙarƙashin Mai shari'a Azu Crabbe ta gano hannun Joachim Amartey Kwei, wanda ɗan majalisar PNDC ne, kuma ta ba da shawarar a gurfanar da Kyaftin Kojo Tsikata, mai kula da tsaro kuma na hannun daman Rawlings. Babban lauyan gwamnati ya ce hujjar ba ta isa ba, ba a gurfanar da shi ba. An bindige Amartey Kwei da wasu a Agustan 1983. Rawlings da Tsikata sun musanta hannu har ƙarshen rayuwarsu, kuma babu kotun da ta taɓa kama ɗayansu da laifin, saboda haka ba zan ce maka shi ya ba da umarni ba. Abin da zan ce shi ne, an yi kisan a ƙarƙashin gwamnatinsa, da mutanen gwamnatinsa, a daren da babu mai fita sai da izinin gwamnatinsa. Ƙungiyar lauyoyin Gana tana tunawa da ranar kowace shekara.

Sai 1983, shekarar da duk wanda ya rayu a cikinta ba ya buƙatar a tuna masa. Fari ya zo, gobarar daji ta cinye gonakin abinci da na koko, sannan a watan Janairu gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo cikin 'yan makonni, wasu ta jirgin ruwa zuwa Tema, wasu ta Aflao da jakunkuna a ka. Mutane suna bin layi tun asuba don sayen dokunu ɗanye su je gida su dafa, ƙasusuwan wuya suka fito har aka riƙa yi musu laƙabi da sarƙar Rawlings. Hauhawar farashi ta kai kusan kashi 123, kokon da ƙasar ta tattara ya faɗo ƙasa da tan 160,000, alhali a tsakiyar shekarun 1960 ya haura tan 500,000. Libiya ta taimaka da man fetur, amma ƙasashen gurguzu ba su da kuɗin da ake buƙata.

A nan ne Rawlings ya yi juyin da na ɗauka shi ne mabuɗin fahimtar siyasarsa. A watan Afrilun 1983 sakataren kuɗinsa, Dokta Kwesi Botchwey, ya gabatar da shirin farfaɗo da tattalin arziki bisa sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, waɗanda 'yan juyin suka yi ta zagi a baya. Sidi da aka daskarar a kan 2.75 ga dalar Amurka ɗaya ta koma 30 kafin ƙarshen shekarar. An saki farashi a hankali, an ƙara wa manomin koko kuɗi, an sallami dubban ma'aikata daga hukumar koko da aikin gwamnati, an fara sayar da kamfanonin hukuma. Masu ra'ayin gurguzu da suka taya shi hawa, irin su Chris Atim da Saje Alolga Akata-Pore, tuni an raba gari da su, wasu suka tsere, wasu sojojin da suka yi yunƙurin juyi aka bindige su. Daga 1984 tattalin arziki ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 5 a shekara, kaya suka dawo kanti. Wato abin da aka yi wa mata bulala a kansa a 1979, sayar da kaya a kan farashin da kasuwa ta yanke, shi ne ya zama manufar gwamnati bayan shekara huɗu, kuma ban san wata mace da aka mayar wa jarinta a lokacin ba. Gyaran ya zama dole, kuma sai mai ƙarfin hali zai haɗiye maganarsa ya yi shi, amma talaka ne ya biya: kuɗin asibiti ya shigo, har aka kai ga tsarin biya kafin magani, inda ɗan'uwan majinyaci ke fita neman kuɗin ruwan ƙari da allura yayin da mara lafiya ke kwance yana jira.

To, me ya sa Zango ta riƙe shi? Dalili na farko ya girmi mulkinsa. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar, kuma wannan doka ta faɗa a kan Zango fiye da ko'ina, aka bar gidaje da rumfuna, aka raba iyalai, har waɗanda aka haifa a Kumasi suka kwana da tsoro. Jam'iyyar NPP, wadda ta zama babbar abokiyar hamayyar Rawlings, ta fito daga zuriyar siyasar Danquah da Busia, don haka duk wanda ya tsaya a gabanta ya sami kunnen Zango tun kafin ya buɗe baki. Ba haka abin yake tun asali ba, domin a shekarun 1950 yawancin manyan Zangon Kumasi suna tare da 'yan adawa ne, har Nkrumah ya kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Lardan Lalemi zuwa Najeriya a 1957. Wannan ya nuna maka cewa ƙuri'ar Zango tana bin wanda ta ga zai bar ta ta zauna lafiya.

Dalili na biyu abubuwa ne da ake gani da ido. A 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, makarantun Islamiyya suka sami malaman boko da gwamnati ke biya, iyayen da ke tsoron makarantun mishan suka saki 'ya'yansu, musamman mata. A tsakiyar shekarun 1990 aka mai da ƙaramar Salla da babbar Salla ranakun hutu na ƙasa, bayan shekaru Musulmi yana roƙon izini a wurin aiki kafin ya je Idi. An ƙirƙiri jihar Upper West a 1983, an kai wutar Akosombo zuwa Tamale da Bolgatanga da Wa, an kafa jami'ar nazarin ci gaba a Tamale a 1992, kuma majalisun gundumomi 110 da aka zaɓa a 1988 da 1989 sun ba mutumin unguwa damar tsayawa takara ko da bai iya Turanci sosai ba. Akwai kuma dokar gado ta 1985, mai lamba 111, wadda ta ceci matan da mazansu suka mutu da 'ya'yansu a gidajen da gado ke bin dangin uwa, ko da yake malamanmu ba su gamsu da ita ba saboda rabon da ta tsara ya saɓa wa na fiƙihu. Wanda ya sami waɗannan a hannun mutum ɗaya, ba abin mamaki ba ne ya ƙi jin aibinsa.

Komawa mulkin farar hula ba kyauta ya yi ba. Farfesa Adu Boahen ya fasa shirun da tsoro ya jawo da laccocinsa na 1988, lauyoyi da coci-coci da ɗalibai suka matsa, masu ba da bashi ma suka sauya murya bayan faɗuwar gurguzu. An amince da kundin tsarin mulki a ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Afrilun 1992, Rawlings ya cire kaki ya tsaya a jam'iyyar NDC, ya sami kusan kashi 58, Adu Boahen na NPP kashi 30. 'Yan adawa suka ce an yi maguɗi, suka ƙaurace wa zaɓen majalisa, NDC ta kwashe kujeru 189 cikin 200. Zaɓen 1996, wanda Rawlings ya ci Kufuor na NPP da kusan kashi 57, ya fi tsabta nesa ba kusa ba, saboda hukumar zaɓe ƙarƙashin Dokta Afari-Gyan ta kawo akwati mai gani-har-hanji, ta zaunar da jam'iyyu a teburi ɗaya. Halin Rawlings dai bai sauya ba: a Mayun 1995 an kashe mutane a zanga-zangar Kume Preko ta ƙin harajin VAT na kashi 17.5, a Disamban shekarar kuma ya yi dambe da mataimakinsa, Arkaah, a zauren majalisar ministoci. Ya bar sidi tana kusan 7,000 ga dala, kuma magajinsa ya kai ƙasar cikin shirin yafe wa matalautan ƙasashe bashi.

Babban abin da ba za a ƙwace masa ba shi ne 7 ga Janairun 2001. Wa'adinsa biyu sun cika, ɗan takararsa Farfesa Atta Mills ya faɗi a zagaye na biyu, soja na hannunsa, Eyadema na Togo yana maƙwabtaka yana nuna yadda ake liƙe wa kujera, amma ya miƙa wa Kufuor mulki. Karo na farko ke nan a tarihin Gana da gwamnati ta sauka saboda ƙuri'a. Sai dai ka haɗa wannan da sashe na 34 na tanade-tanaden wucin gadi da aka liƙa wa kundin 1992, wanda ya haramta wa kowace kotu sauraron ƙara a kan abin da gwamnatocin soja suka aikata, sashe na 37 kuma ya hana majalisa taɓa shi. An haɗa kariyar da kundin a ƙuri'a ɗaya, ta yadda mai son mulkin farar hula dole ya haɗiye ta. Wasu masana na ganin wannan kariya ce ta sa ya iya sauka ba tare da fargaba ba, kuma ina ganin haka ne, amma farashin ya faɗa a kan iyalan waɗanda aka kashe da waɗanda suka ɓace.

Gwamnatin Kufuor ta tono gawarwakin janar-janar ɗin ta miƙa wa iyalansu a Disamban 2001, ta kafa hukumar sasantawa a 2002 ƙarƙashin Mai shari'a Amua-Sekyi, wadda ta karɓi ƙorafe-ƙorafe sama da 4,000, mafi yawansu a kan zamanin AFRC da PNDC. Rawlings ya bayyana gabanta a Fabrairun 2004 na ɗan gajeren lokaci, aka yi masa tambayoyi a kan wasu kaset-kaset, ya tafi. Hukumar ba ta da ikon hukunta kowa, diyyar da aka biya kuma kaɗan ce. Rawlings ya ci gaba da caccakar kowace gwamnati a kan cin hanci, har ta jam'iyyarsa, amma a 2016 ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi dala miliyan 2 daga Janar Abacha. Ya rasu a asibitin Korle Bu ranar 12 ga Nuwamban 2020 yana da shekara 73, aka binne shi a maƙabartar soja ranar 27 ga Janairun 2021. Tsikata ya bi shi a Nuwamban 2021, sashe na 34 kuma yana nan cikin kundin tsarin mulki yadda aka rubuta shi a 1992.